Wai Ni Na Ce Ku Ɗauke Ta In Huta

Unguwar Yakasai,
Birnin Kano.

Zuwa ga ƙanina Mukhtar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da kyakkyawan fata, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Aminat da yara. Allah Ya ƙara maka ɗaukaka a wurin aikinka, Ya tsare ka daga sharrin mai sharri, har da na yayarka idan akwai. Mu nan sai godiya. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi sosai, har ranar sunan jikar Goggo Hajo ta taka da kanta daga Sheshe zuwa Soron Ɗinki, ta ƙi hawa adaidaita, wai ita ba ta tsufa ba. Washegari kuwa da man zafi muka wuni. Malam yana nan yana fama da rumfarsa a Kurmi. Ismail ya shiga izu na goma, Sa'ida kuma ta yi famfara, yanzu ba ta dariya sai ta rufe baki da mayafi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni a zamanin nan, alhali ga waya a hannun kowa. Wallahi na ɗauki wayar ya fi a ƙirga. Da zarar na ji muryarka kana gaishe ni, sai bakina ya mutu, in ɓige da tambayarka ko ana ruwa a Ilori. Shi ya sa da na ji Salisu na Goggo zai sauko da kaya wajenku, na ce bari in rubuta in liƙe in ba shi. Ka karanta kai kaɗai, ka ji ko? Maganar mutuniyarka ce, ta farina. Ka san bakina ba ya kama sunanta, to hannuna ma ba zai rubuta shi ba, ka dai san wadda nake nufi.

Bari in faɗa maka tun daga farko, don ranar wanka ba a ɓoye cibi. Kishi nake yi da kai, Mukhtar. Ba hassada ba, Allah Ya kiyashe ni, ban taɓa fatan wani abu naka ya ragu ba. Kishi ne zalla. Ni da kaina ina jin nauyin abin, mace da girmana, malamar makaranta, ina kishi da ƙanin da na goya. Amma yana nan, kuma idan ban furzar da shi ba zai yi mini illa.

Ka tuna wanda ya fara koya maka lissafi? Ko digirin ya shafe? Ni ce, a soron gidanmu na Sheshe, da gawayi a kan daɓe. Kai ne mai kuka da majina idan aka zo bakwai sau takwas, ni ce mai share maka hanci da bakin zanina in ce mu sake. Daga nan Allah Ya buɗa maka, ka yi ta tafiya har ka zama Dakta, ni kuma na tsaya inda na tsaya, ina koyar da 'yan mata a sakandaren gwamnati, kuma ban raina ba. Duk shekarun nan ban taɓa jin ƙyashin ko ɗaya ba, ni ce ma mai cika wa malaman makarantarmu kunne da labarinka. Sai yanzu, a kan tambaya guda ɗaya tak.

Ga yadda aka yi. Da aka sa yarinyar nan cikin waɗanda za su wakilci makarantarmu a gasar lissafi ta 'yan matan cikin birni, sai muka shiga bitar tsofaffin tambayoyi a gida. Akwai wata da take yawan fitowa: a ba ka lambobi huɗu, misali 1, 2, 3 da 4, a ce ka sassauya musu mazauni ka fitar da duk adadin da za su iya bayarwa ba tare da ka maimaita lamba ba, sannan ka tara su gaba ɗaya. Adadi ashirin da huɗu ne suke fitowa, don gidan farko yana da zaɓi huɗu, na biyu uku, na uku biyu, na ƙarshe kuwa abin da ya rage. Mai haƙuri sai ya jera su duka ya yi ta tarawa har lokaci ya ƙare masa. Ni kuwa ina da dabarata, wadda ba a littafi na gani ba, da kaina na gano ta tun ina kwalejin horon malamai. Kowane adadi yana da ƙawa. Ka ɗauki 1234 ka haɗa da 4321, ka sami 5555. Ka ɗauki 1243 ka haɗa da 4312, nan ma 5555. Haka za su yi ta tafiya bibbiyu har kashi goma sha biyu, ka ninka 5555 sau goma sha biyu, ga 66660 ta fito. Shekara da shekaru ina koyar da wannan, kuma duk ajin da na nuna wa sai yara sun yi shewa. Ina ji da dabarar nan, ba zan ɓoye maka ba.

Na nuna wa mutuniyarka, ta kama nan take. Sai ta ɗago kai ta tambaye ni, wai idan lambobin ba a jere suke ba fa, idan na farko da na ƙarshe ba su ba da abin da na tsakiya biyu suka bayar ba, ina za a samo ƙawayen. Na ce mata ba sa kawo irin wannan, in kuma sun kawo ta jera ta tara kamar kowa, ta tashi ta kwashe mini shanya hadari ya taso. Ashe ba ta haƙura ba. Da Malam ya dawo ta ari wayarsa ta tura maka tambayar.

Ina madafi ina tuƙa tuwo na jiyo muryarka a tsakar gida. Kana ce mata ta manta da jerawa, ta zaunar da lamba ɗaya a gidan ɗai-ɗai ta ga ta hanya nawa sauran ukun za su iya zama. Hanya shida. Ke nan kowace lamba sau shida take zama a gidan ɗai-ɗai, sau shida a gidan gomomi, haka a na ɗaruruwa, haka a na dubbai, ba a fifita wata a kan wata. Don haka ta tara lambobin huɗu kawai, ta ninka da shida, ta sake ninkawa da 1111, shi ke nan an gama. Kai, Mukhtar! Na tsaya da muciya a hannu har tuwon ya kama. Ta yi ta maimaita saƙon nan, tana ji tana dariya ita kaɗai, har ni da ba a aiko wa ba na haddace shi, da tarin da ka yi a tsakiya da kukan Umair a bayanka. Ni dai tunda nake koya mata abu ban taɓa jin ta yi wannan dariyar ba.

Ranar gasa ina cikin zauren, don ni aka haɗa da 'yan makarantarmu. An yi ta fafatawa har aka zo zagayen ƙarshe, saura su uku. Sai ga tambayar a allo, amma da 2, 3, 5 da 9. Ina kallo na san dabarata ba ta da wurin zama a nan: biyu da tara sha ɗaya, uku da biyar takwas, babu ƙawa babu dangi. Sauran yaran biyu suka duƙufa suna jerawa. Ita kuwa ta ɗan motsa leɓe, ta ja layi biyu a takarda, ta ɗaga hannu. Goma sha tara sau shida, ɗari da sha huɗu, sau 1111, ta ce 126654. Alƙalan suka dubi takardarsu suka dubi juna, zaure ya ɗauki tafi. Ni ko hannu ban ɗaga ba, ka san ba zai yiwu ba, sai na sunkuyar da kai ina gyara jakata kamar ba 'yata ba. Da mai gabatarwa ya miƙa mata lasifika ya tambaye ta wa ya koya mata wannan saurin, sai ta ce kawunta ne, Dakta Mukhtar, malamin jami'a a Ilori. Aka sake tafi, wannan karon naka ne. Wata abokiyar aikina da take gefena ta zungure ni tana murmushi, ta ce ashe a danginmu akwai masu lissafi. Ni, Saudatu, da nake cin alli a makarantar nan tun kafin ita mai maganar ta gama firamare! Na yi mata dariyar yaƙe na ce ai kuwa akwai.

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wa ya koya mata rubuta lamba? Wa ya zauna da ita a kan kasafi har ta daina kuka? Saƙonka bai kai a sha kofin shayi ba, ni shekara goma sha biyar nake abu ɗaya. Da na yi wa Hajiya ƙorafi a fakaice, cewa ta yi wai yarinyar kunya ta ji, ba za ta ambaci uwarta a gaban jama'a ba, ai tarbiyyata ce. Na so in yarda. Amma ni malamar lissafi ce, na san hanyar wa ta bi. Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ci mini rai.

Ba zan rage maka komai ba, har neman kuskurenka na yi. Washegari da aka tashi tara, na zauna a ofishin malamai na jera adadin nan ashirin da huɗu ɗaya bayan ɗaya, na tara da hannu, ina fatan ko da ɗaya ce ta sha bamban. Ta fito cif, 126654. Na sake da wasu lambobin, haka. Sai na tuna da sifili, na ce yawwa, a nan zan kama shi, don sifili ba ya zama a gaba, idan ya shiga cikin lambobin dole lissafinka ya yi ƙari. Na dawo gida da ƙarfina, na jefa mata tambayar ina yankan alayyafo, kamar ba da wata manufa ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce ai Kawu ya riga ya faɗa mata, a yi lissafin duka sannan a cire waɗanda sifili ya ja musu gaba. Na ce to madalla, Allah Ya ƙara wa Kawu basira. Saura kaɗan in yanke yatsa.

Duk wannan da zan haɗiye shi, da ba don abin da ya biyo baya ba. Ka kira Malam, ka kira Hajiya, ka ce a ba ka riƙonta ta ƙarasa sakandare a wurinka, akwai makaranta mai kyau a cikin jami'arku, kuma ka ga kanta zai ja. Malam ya ce shi ba shi da ta cewa, 'ya taku ce. Hajiya har da guɗa. Ba wanda ya tuntuɓe ni, kuma ban yi tsammani ba, don an san ba a tambayar uwa a kan ɗan fari a bainar jama'a. Yadda aka saba, sai an kwana biyu wata babba ta ja ki ɗaki, ta rufe ƙofa, ta ce ke faɗa mini tsakaninki da Allah. Wannan nake jira, na ma shirya abin da zan ce.

Sai ranar Juma'a da muka taru a gidan Hajiya, ɗaki cike da mata, Goggo Hajo ta dube ni ta ce wai me na gani game da tafiyar yarinyar nan. Mukhtar, me kake so in ce? A gaban surukai da maƙwabta in buɗe baki in ce ina son 'yata, a bar mini ita? Da an yi ta yi da ni a Sheshe har jikokina. Na faɗi abin da kowace 'yar cikin birni za ta faɗa, abin da Hajiya ma ta faɗa lokacin da aka zo ɗaukar Yaya Hashim. Na ce ni ina ruwana da ita, ku ɗauke ta ma in huta da ƙiriniyarta. Duk wata mai furfura a ɗakin ta san wannan ba magana ba ce, alkunya ce, iska ce kawai ake fesarwa. Abin da ban sani ba, ashe wayar Goggo tana kan cinyarta a buɗe, kai ne a kan layi, ta saka ka a lasifika don ka gaisa da mutane ta manta ba ta kashe ba. Sai kawai na ji muryarka daga cikin zaninta kana cewa Allah Ya saka wa Yaya da alheri, ka san ba zan hana ka ba. Ɗaki ya kwashe da dariya, aka shafa fatiha, magana ta ƙulle.

Haba Mukhtar. Kai fa a gidan nan aka haife ka. Zaman Ilori ne ya sa ka manta yadda muke magana? Na san mutanen Aminat ba su da wannan, uwa takan rungume ɗanta na fari a tsakiyar kasuwa ta kira sunansa da ƙarfi, kuma wallahi wani lokacin sha'awa suke ba ni. Amma kai ai ka san idan Bakanuwa ta ce a ɗauke ɗanta ta huta, a ranar ba za ta iya cin abinci ba. Ko dai ka sani sarai, ka ga dama ce ta samu ka cafke? Wannan tambayar ma kishin ne yake yin ta, ka yi haƙuri, amma na rubuta ba zan goge ba.

Baki shi ke yanka wuya. Wanda ya fi duka ciwo, mutuniyarka tana bayan labule tana zuba wa baƙi kunu, ta ji da kunnenta. Ita 'yar zamani ce, ban san iya abin da ta fahimta ba. Tun daga ranar tana riga ni tashi ta share tsakar gida, ta wanke kwanuka tun ban ce ba. Jiya na ji tana ce wa Sa'ida ta koyi ɗora sanwa, don idan ta tafi kada Umma ta ce an bar mata aiki, tunda hutawa take so. Ina ɗaki ina ninke kaya na ji. Na buɗe baki in kira ta, wallahi na rasa da wane suna, na rasa kuma abin da zan ce idan ta zo.

A nan ne zan gaya maka ainihin abin da ka ɗauka, don na tabbata ba ka sani ba. Ni ban taɓa yabon yarinyar nan ba. Ban taɓa jan ta jikina a gaban mutane ba, idan ta kawo sakamako ta ci ɗari bisa ɗari, sai in ce to sai me, ta je ta ɗebo ruwa. Haka aka yi mana, haka muka tashi muka tarar. Wuri ɗaya ne kawai al'ada ta bar mini ƙofa, shi ne lissafi. Idan muka baje littafi a tabarma bayan la'asar, ba mai cewa Saudatu ba ta da kunya, ai malama ce take aikinta. A nan nake zama kusa da ita har kafaɗarmu ta haɗu. A nan nake kallon fuskarta yadda nake so. Idan na ce mata ke wace irin kwanya ce da ke, sake dubawa, ni na san abin da nake nufi, ina kuma zaton ita ma ta sani. Ba ni da wani harshe da nake magana da ita sai wannan. Yanzu idan tambaya ta gagare ta ba ta zuwa tabarma, wayar Malam take jira.

Da na zauna rubuta takardar nan, niyyata in ce maka a'a. In ce ka janye maganar da kanka, ka ƙirƙiro wani dalili, tunda ni ba ni da bakin janyewa. Har na tsara yadda za ka faɗa wa Hajiya. Amma na yi ta juya abin, kuma ko ina kishi ban iya yi wa kaina ƙarya. Tambayoyin da take yi yanzu sun fara fin ƙarfina. Wadda ta yi mini ranar nan a kan lambobin da suke maimaita kansu, sai da na ce mata kaina yana ciwo. Idan na riƙe ta, don kaina na riƙe ta, kuma wata rana za ta gane. Ga shi tana son tafiyar, na ga yadda take shafa jakar da ka aiko mata. Don haka ba zan hana ba. Idan hutu ya ƙare ka zo ka ɗauke ta, Allah Ya sa albarka, Ya sa ta fi ka. Wannan karon da gaske nake, ba alkunya ba, ko da yake ina rubutawa ina jin haushinka.

Ka sani ba ta cin yaji sosai, ka gaya wa Aminat ta sassauta hannu. Tana da yawan ciwon kai idan ta daɗe tana karatu ba ta ci komai ba, kuma ba za ta taɓa faɗa ba, sai an lura. Kada ka yi ta yabonta a gabanta har kanta ya kumbura, amma ka riƙa yi kaɗan-kaɗan, tunda kai an yarda maka.

Ka gaishe mini da Aminat da kyau, ka ce na gode da atamfar, na ɗinka har na je suna da ita. Ka shafa mini kan Khalid da Umair, ka ce Goggonsu ta Yakasai tana nan tana tanadar musu alkaki. Hajiya tana gaishe ku, Goggo Hajo ma haka, ita da wayarta. Malam yana miƙo gaisuwa, Ismail da Sa'ida sun ce a gaida Kawu. Idan ka yi waya da Yaya Hashim ka ce muna nan muna cigiyarsa.

Saura roƙo ɗaya, kuma shi ne dalilin takardar. Idan ta zo maka da tambayar da ta gagare ta, ba kullum ba, wani lokaci dai, ko da amsar tana kan harshenka, ka ce mata aiki ya yi maka yawa, ta kira Ummanta. Ka bar mini ko da 'yan ƙananan ne. Idan ta kira na ga ni ma ban sani ba, zan ce mata ana sallama a soro ta ɗan jira, in kira ka a ɓoye ka faɗa mini, sannan in kira ta in yi mata faɗa a kan abu mai sauƙi haka ya gagare ta. Ka rufa mini wannan asirin, Allah Ya rufa naka.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Saudatu.